Tuwon Hutun Rabin Lokaci

Yaya Ɗahiru ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Bayan an tashi daga zaman makoki aka buɗe shagonsa, sai ga shi yana ihu kamar ba shi aka kai makwanci ba.

“Ya ci! Ya ci! Gola, tashi ka karkaɗe jikinka, ba a kanka farau ba!”

Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji shi. Ban saki kwanon da ke hannuna ba, ban ma yi salati ba. Na ɗauraye shi na kife, na jawo na gaba. Ni ce na saka muryar a cikin na'urar wasan da hannuna, don haka ba wani abin mamaki a wurina.

Shagon gem ne, a jikin gidanmu na haya da ke Gyaɗi-Gyaɗi, bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin Inna. Akwai kwamfutoci a jone da talabijin, da benci, da wata fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Samarin unguwa suna zuwa su ɗauki fad, abin dannawar wasan, su buga ƙwallo, su yi ta musu har wani ya yi fushi ya fita, gobe ya dawo. Wasan yadda masu shi suka yi shi, ƙungiyoyin Turai ne a ciki, da fili kore shar, da wani Bature mai sharhi da ke magana ta hanci. Wata rana Yaya ya shigo ɗakina ya zauna a bakin katifa ya ce ya gaji da mutumin nan.

“Kullum sai ya yi ta yi mana surutu a shago, ba wanda ya san ko zaginmu yake. Fiddausi, ke da kika yi diflomar kwamfuta, ba za ki iya korar mana shi ba?”

Takardar diflomar tana ƙarƙashin katifar da yake zaune a kai, tana jiran aikin da bai zo ba. Na ce zan duba.

Aikin ana ce masa faci, kuma ba shi da wata wahala sai cin rai. Duk abin da ke cikin wasan, daga riga zuwa fuska zuwa ƙarar usur, fayil ne mai sunansa da gurbinsa. Sai ka ciro nasu, ka sa naka, ka laƙa masa sunan nasu. Wasan ba ya tambaya. Abin da ya tarar a gurbi shi yake ɗauka.

Da riguna na fara, daga nan abin ya zarce. Ƙungiyoyin Turai suka koma Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku da Daurawa da Ƙauyen Alu. Koren filin nan na mayar da shi jar ƙasa irin ta filin firamare. Allunan tallan da ke gefen fili suka koma tallan mai shayin bakin layinmu da na mai gyaran fanka. Samari su zo Yaya ya tsayar da su a jikin farin bango ya ɗauki hotonsu, ya kawo mini in liƙa fuskar a kan ɗan wasa. Wanda hancinsa ya fito a karkace ya zo ya yi ƙorafi, Yaya ya ce masa, “To ni na halicce ka?” Duk unguwa ta ɗauka shi ne mai yin aikin, har Injiniya suke ce masa. Yana amsawa kuwa ba kunya ba tsoron Allah. Ni ban damu ba, tunda yana sa mini data yana kawo mini awara.

Shi bai yarda an sa fuskarsa a kan kowane ɗan wasa ba. Ya ce mai sharhi ba ya shiga fili.

Sharhin ne ya fi ba mu wuya. A ɗakina muka ɗauka, shi a duƙe a ƙarƙashin bargo don kada muryar ta yi amsa-kuwwa, ga zafin bazara, ya fito sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Kowane abu da ke faruwa a fili yana da gurabensa na magana: na cin ƙwallo, na fenariti, na jan kati, na hutun rabin lokaci. Kowanne kuma ba ɗaya ba ne, da yawa ne, wasan ne ke zaɓar wanda ya ga dama. Kowane gurbi yana da iyakar tsawonsa, Yaya kuwa ba ya magana gajera. In ce masa ya rage, ya ce hikima ba ta raguwa. Haka zan zauna in yi ta datse masa hikimar.

A cikin na hutun rabin lokaci akwai wata da ya yi ba shiri, don a lokacin ƙamshin miyar kuka ya shigo har ƙarƙashin bargon. Ta yi tsawo, na ce zan yar da ita. Ya yi ta roƙona har da haɗa ni da Allah, sai na ɗan ƙara mata sauri na cusa ta a gurbin. Daga nan ban sake tunawa da ita ba.

Duk ihun nan da yake yi, Inna tana tsakar gida tana jinsa. Iyakar abin da za ta ce, “Fiddausi, ki ce wa yayanki muna da maƙwabta.”

Yaya Ɗahiru ɗan fari ne, Inna kuwa 'yar ƙauye ce ta gaske. Daga wajen Bunkure marigayi Baba ya taho da ita lokacin da ya samu tuƙin mota a birni. Matan birni da yawa sun daɗe da yar da kunyar ɗan fari, har hoto suke ɗauka da nasu su sa a fuskar waya. Inna ba ta yar ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana kai tsaye ba. Ni ce wayar da ke tsakaninsu. Yana tsaye a gabanta za ta ce, “Ki ce wa yayanki abincinsa na nan a rufe.” Shi kuma don tsokana sai ya juyo wurina, “Ki ce wa Inna na gode, amma gishiri ya ɗan yi wa miyar yawa.” Sai ta ɗaga muciya ta nuna ni, ba shi ba.

Ciwon nasa kamar wasa ya fara. Zazzaɓi ne, ya ce maleriya ce, ya sha magani ya koma shago. Da jikin ya ƙi aka kai shi asibiti, kafin a gama gwaje-gwaje rai ya yi halinsa. Ni ce a kansa. Na ja masa zane na rufe fuskar, na fito na kira Baffa Lawan, ƙanin Baba, na gaya masa da irin muryar da ake cewa an ɗauke wuta. Tun daga ranar nake jiran kuka ya zo mini, bai zo ba. Ina ci, ina sha, ina amsa gaisuwa, amma kamar wata ce take yi ina kallonta daga gefe. Rashin jin komai ɗin ya fi ba ni tsoro a kan mutuwar.

Inna ma ba wanda ya ga hawayenta. Ta zauna a kan tabarma da carbi, duk wanda ya yi mata gaisuwa ta ce, “Haƙuri sai ma'aiki, an gode.” Mata suna fita suna cewa, “Kai, Kulu akwai tawakkali.” Abu ɗaya ne ya gagare ta, hannunta ya ƙi koyon rage awo. Kullum sai tuwo ya yi saura, ta zuba a kwanon nan nasa mai murfi ta ajiye, da safe mu yi ɗumame.

Caleb ne ya buɗe shagon. Abokin Yaya ne tun suna firamare, iyayensa mutanen Kafanchan ne amma shi a layinmu aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Tare suka kafa shagon, kuma da shi gidanmu ke ci, don haka ba maganar a bar shi a rufe. Ya kunna na'urori, yara suka ɗauki fad, Yaya ya ci gaba da sharhinsa daga inda ya tsaya. Caleb ya gaya mini daga baya cewa da farko shagon ya yi tsit, wani ma ya ajiye fad ya fita. Amma yaro yaro ne. Kafin la'asar an koma musu.

A kwanakin nan na lura Inna ta sake wurin zama. Da, in ta idar da la'asar a tsakar gida take zama ta yi tsintar shinkafa ko gyaran zogale. Yanzu sai ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki ta saki labule. Na ce a raina gudun mutane take yi, na ƙyale ta.

Ranar wata Asabar Baffa Lawan ya biyo da adaidaita sahunsa daga Daurawa don ya duba mu. Yana kashe mashin a ƙofar gida Yaya ya kwarma ihu daga shago, “Wayyo! An yi masa sakiyar da ba ruwa!” Waɗanda ke wurin sun ce Baffa sai da ya dafa bango. Ya shigo gida idonsa jajir, Caleb na biye da shi yana ba shi haƙuri.

“Wannan wane irin rashin imani ne?” in ji Baffa. “Yaro yana kabarinsa yana neman addu'a, ku kun sa shi yana yi wa 'yan tamaula kirari? Ga uwarsa nan bango ɗaya, kullum tana jin wannan? Ku ba ku da tausayi ne?”

Ba da mugunta ya faɗa ba. Shi ne ya sa Yaya a kabari da hannunsa. Ya ce wa Caleb ya je ya cire yanzu-yanzu.

Caleb ya sosa ƙeya. “Baffa, wallahi ni ban iya ba. Fiddausi ce injiniyar.”

Baffa ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce to, tunda ni na sa, in zo in cire. Aka fitar da yaran, na sa hijabi na shiga shagon da ban taɓa zama a cikinsa ba, na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Fayilolin Baturen suna nan a inda na ajiye su tun farko. Na mayar da su gurabensu, suka hau kan na Yaya. Aikin da ya ci mana bazara guda, kafin Baffa ya gama tsayuwarsa na gama rushe shi.

“Ba sauran wani a wani wuri?” ya tambaya.

“Akwai a laftof ɗina.”

“Shi ma a goge. Kada gobe wani ya ce a mayar.”

Da na ga dama, da na ce babu. Ko in ce na goge alhali na tura shi wani lungu, Baffa bai san fayil ba bai san folda ba. Amma a kwanakin nan duk abin da aka ce in yi, yi nake. Na ɗauko laftof ɗin na goge a gabansa, na shiga kwandon shara na zubar. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce mata na tabbata.

Baffa ya je ƙofar ɗakin Inna ya tsaya daga bakin labule. “Yaya Kulu, na sa an cire abin nan. Ki yi haƙuri da abin da kika yi ta ji, ban sani ba da tuni na zo.”

Daga cikin ɗaki ta ce, “To. An gode.”

Washegari Bature ya dawo bakin aikinsa. Fuskokin 'yan unguwa suna nan, jar ƙasa tana nan, amma mai magana ta hanci ne yake kiran sunayen da ba nasu ba. Inna ta idar da la'asar ta ɗauki faranti ta shiga ɗaki kamar kullum. Ba ta daɗe ba ta fito.

“Yau ba a buɗe shago ba ne?”

“An buɗe, Inna.”

“To.”

Kwana biyu a haka, sai cin abincinta ya ragu. Ta daina shiga ɗaki da la'asar, ta kuma daina zama a tsakar gida, sai dai ta yi ta kai-kawo tana ɗaga abu tana mayarwa inda yake. Na tambaye ta ko jikin ne, ta ce lafiyarta ƙalau. Ran nan muna zaune tana murza kuka a rariya, ba tare da ta ɗago ba ta ce, “Da can, in wasan nasu ya yi nisa, akwai abin da akan ce.”

“Wa yake cewa, Inna?”

Ta buga gefen rariyar a tafin hannunta. “Ba kullum ake cewa ba. Wata rana sai a yi ta jira har magariba ba a ce ba.”

Na tashi na shiga ɗakinta kamar zan ɗauko wani abu. Tabarmarta tana shimfiɗe a jikin bangon shago, ba a inda take shimfiɗa ta da ba. A jikin fentin akwai wani ɗan duhu daidai inda kan mutum zai kai in ya zauna ya jingina. Na tsaya ina kallon wurin. Ashe ba gudun muryar take yi ba, wurinta take zuwa. Mu kuwa mun taru, ni da Baffa da duk masu tausayinta, mun yanke mata hukunci ba wanda ya tambaye ta. Ko da mun tambaya me za ta ce? Uwar ɗan fari ta buɗe baki a gaban ƙanin mijinta ta ce a bar mata muryar ɗanta? Ta gwammace ta haɗiye.

Na koma ɗakina na buɗe laftof. Na sa manhajar da ke tono abin da aka goge, ta yi ta juyi, ta fito mini da tarkace: rabin “ya ci”, da wani tari, da wani guntu da ba a jin komai sai shuu. Sauran kuwa, wasu abubuwa sun riga sun hau kansu. Na koma kwamfutocin shago da sassafe kafin yara su zo, nan ma babu, da hannuna na danne su. Ban yi kuka ba. Na zauna a kan benci ina kallon fankar nan.

Caleb yana share ƙasa ya ce, “Sista, me kike nema ne tun ɗazu?”

Na gaya masa. Ya jingina tsintsiyar ya ce, “Rabi'u.”

Rabi'u wani mai shagon gem ne a Unguwa Uku, a bayan tasha. Bara ya zo shagonmu a matsayin mai buga wasa, ya faki ido ya soka filashi a kwamfuta ya kwashe facin gaba ɗaya. Yaya ya yi sati yana zage-zage, har ya rantse sai ya je ya fasa masa talabijin. Bai je ba. Yaya bakinsa ne kawai mai zafi.

Da hantsi muka tari adaidaita a titin Zariya. Caleb ya zauna a gefen direba, ni a baya da wata mata mai buhun gawayi. Ban yi tunanin komai a hanya ba, ina dai riƙe da filashi a cikin hijabi har ya yi gumi. Muka sauka muka bi ta tsakanin masu lodi da masu sayar da rake, muka shiga wani lungu mai kwata a tsakiya. Tun kafin mu ga shagon na ji shi.

“Rafali, ka ji tsoron Allah! Wannan ko makaho ya ga hannu!”

Caleb ya tsaya cak, ya juya baya ya sa gefen rigarsa a fuska. Ni na wuce shi na yi sallama.

Shagon ya fi namu ƙanƙanta, ya fi namu zafi. Rabi'u wani siriri ne mai ɗan gemu, yana ganin Caleb a bayana ya miƙe yana goge hannu a wando, ya ɗauka rigima muka kawo. Da ya ji ni ƙanwar Ɗahiru ce sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce ya ji rasuwar, ya so ya zo gaisuwa kunya ta hana shi. Na dubi talabijin ɗinsa. Ya sake wa ƙungiyoyi riguna, ya cika wa 'yan Unguwa Uku ƙarfi har golansu ya fi kowa gudu, ya cire tallan mai shayinmu ya sa na wani mai wankin mota. Muryar ce kawai bai iya taɓawa ba. Yaran da ke wasa ba su san ko ta wane ne ba, Mai Baki suke ce masa.

“Hajiya, in cewa za ku yi in cire, wallahi yanzu zan cire,” in ji Rabi'u.

“Ba cirewa na zo ba. Kwafa zan yi.”

Ya tashi wani yaro daga kan kwamfuta ya goge mini kujera. Facin tsoho ne, na farkon da muka yi, amma sharhin yana nan cif. Na shiga gurbin hutun rabin lokaci na ƙirga da ido, ba wanda ya ɓata. Ina jiran kwafin ya cika, Yaya yana ta yi wa wani ɗan Daurawa tsiya a ɗaya talabijin ɗin, yara suna dariya. Da zan fita Rabi'u ya biyo ni har bakin kwata yana tambaya ko ya kyautu ya bar ta a shagonsa. Na ce masa wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne, amma duk abin da zai goge a duniya ya fara ajiye kwafi.

A shagonmu ban mayar da komai ba. Maganar Baffa tana nan a matsayinta, kuma ba duka ce ba ta da gaskiya. A laftof ɗina kawai na sa.

Da na dawo gida Inna tana tuƙa tuwo, ta yi shi da wuri ranar. Na jira ta kwashe, ta zuba na kowa, ta rufe kwanon nan ta ajiye a inda take ajiyewa. Bayan ta idar da la'asar na shiga ɗakinta da laftof na saki labule. Na riga na nemo fayil ɗin, na ware shi shi kaɗai.

“Inna, abin nan da akan ce, na samo shi. In kina so in sa miki a wayarki, duk lokacin da kika ga dama sai ki danna nan kawai.”

Na kai yatsa zan kunna, ta riƙe mini hannu. Tafinta da ɗumin tukunya har lokacin.

“A'a,” ta ce. “Ba haka yake zuwa ba.”

Na gane. Ba rediyo take so ba. Na rufe fayil ɗin na buɗe wasan, na haɗa Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, na sa na'ura ta buga wa kanta ɓangarorin biyu, na rage sauti yadda ba zai wuce labule ba. Na juya mata allon don ta gani. Ta tashi ta koma kan tabarmarta, ta jingina da bango, ta ba allon gefe, ta jawo farantin zogale gabanta. Ko a nan ba za ta dube shi ba.

Aka busa usur. “Jama'a, assalamu alaikum, ga mu a filin firamare, rana ta yi sanyi, 'yan Tarauni sun zo da ƙafafunsu na aro.” Hannun Inna ya ɗan tsaya a kan zogalen, sannan ya ci gaba.

Aka kai hutun rabin lokaci. Ya ce, “An tafi hutu, mai ruwan leda matso kusa, bashi ne amma.” Inna ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Wasan ya ƙare, na sake sa wani. A hutun wannan ya ce kociya ya je ya yi wa yaransa faɗa. A na gaba ya sake maimaita ta mai ruwan leda.

Na san abin yi. In na ce mata zan je in sha ruwa, na fita da laftof ɗin, kafin ta tsince reshe biyu na cika duk guraben hutun da magana ɗaya, duk inda wasan ya kai hannu ita zai ɗauko. Wasan ba ya tambaya. Na dubi Inna, ta karkata kai kaɗan wajen sautin, tana tsinke ganye ɗaya-ɗaya ba gaggawa. Matar da ta san wata rana akan yi ta jira har magariba, za ta gane in abin ya zo da sauƙi. Na bar hannuna a kan cinya.

Rana ta sauka daga kan labule. A shago ta bayan bango Bature yana ta maganarsa ta hanci, yara suna musu. Zogalen ya ƙare, ta ci gaba da juya tsinkayen a faranti. Ban san wasa na nawa ba ne, na daina lura da wa ke ci wa ake ci. Rafali ya busa, 'yan wasa suka juya suna fita daga jar ƙasa, sai muryar ta zo da ɗan saurin nan da na ƙara mata.

“An tafi hutun rabin lokaci, jama'a. Ni bari in leƙa cikin gida, na ji ƙamshi, Inna ta sauke tuwo. Inna, a rufe min nawa!”

Ba ta ce “ki ce wa yayanki” ba. Ba ta ma san ina ɗakin ba. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci allon.

“Na rufe maka,” ta ce. “Yana nan. Ka zo ka ci.”

Aka dawo daga hutu, ya ci gaba da sharhinsa.